Rantsuwar Tungar Liman

Ranar wata Talata, kasuwar Mafara na tsakiyar ci, Gidaɗo Mai Makulli da Sufyanu suka ƙulla maganarsu a bayan rumfunan masu albasa, cikin motar Sufyanu, gilasai a rufe. Saura kwana goma sha ɗaya zaɓe.

Sufyanu shi ke jan kamfen ɗin Sanata Maiwada, wanda ya shekara takwas a majalisar dattawa, yana neman ƙarin huɗu. Gidaɗo kuwa makullin ƙofar ruwa ta Tungar Liman ke hannunsa. Kanal ɗin da ya taso daga dam, in ya iso Tungar Liman rabuwa biyu yake yi. Hannu ɗaya ya bi gonakin mutanen gari, ɗayan ya miƙe babbar gonar Sanata. A mararrabar akwai ƙofar ƙarfe da kwaɗo, mai makullinta shi ke faɗin wanda zai sha ruwa yau. A takarda, ƙungiyar manoman rani ce ke zaɓen mai makulli. A ƙasa kuwa, wanda Sanata ya nuna da baki shi ne. Shekara takwas Gidaɗo na rataye da makullin nan a wuya da igiyar fata, a cikin riga. Saboda shi ake gaishe shi tun daga nesa, saboda shi kuma kajin mutane ke zuwa gidansa ba tare da ya saya ba.

Sai da aka tambayi gida da iyali da gajiya da kasuwa, har da ciwon gwiwar Gidaɗo, sannan Sufyanu ya rage muryar rediyo.

"Baba Gidaɗo, Maigida ya ji magana. An ce mutanenka sun juya. Likitan dabbobin nan na Maradun da ke takara da Maigida, Dakta Mubashir, har shayi ake dafa masa a garinku."

"Shayi ko baƙon da ya ɓata hanya ana ba shi."

"To ga magana. Akwatin zaɓe biyu gare ku. Ka kawo su, makulli na wuyanka har wasu shekara huɗu. Ka kasa, jiya-jiyan nan akwai wanda ya zo ya durƙusa yana neman shi."

"Wane ne?"

"In na faɗa maka ai ka rage barci."

Gidaɗo ya san dalilin juyawar mutane, don da hannunsa aka yi. Bara, daidai lokacin da alkama ke fid da kai, ya sakar wa gonar Sanata ruwa kwana tara a jere. Gonakin ƙarshen kanal suka ƙone ƙurmus, wasu ko iri ba su mayar ba. Ya shafa ƙirji inda makullin yake.

"Mi kuka shirya rabawa?"

"Shinkafa. Tiya biyar-biyar."

"Yaro, ka san kasuwa amma ba ka san mutane ba. Zaɓen da ya wuce ba ku raba ba? Suka karɓa, suka gode, suka shiga rumfa suka dangwala inda ransu ya so. Mutanenmu abu guda suka jin tsoro: rantsuwa. Garin malamai ne. Kowa ya zo da alwala, ya ɗora hannu bisa Alƙur'ani, ya ce wallahi tulu zan zaɓa, sannan ya ɗauki ledarsa. Na ga mutumin da ya cinye gonar marayu, amma ban taɓa ganin wanda ya dafa Alƙur'ani a Tungar Liman ya saɓa ba."

Tulu ita ce alamar jam'iyyar Sanata. Ta Dakta Mubashir lauje.

Sufyanu ya juyo gaba ɗaya ya dube shi.

"Kuma," in ji Gidaɗo, "tunda rantsuwa ce za ta riƙe su ba shinkafa ba, mi ya kai ku tiya biyar? Ku raba ta biyu. Tiya biyu da rabi ta isa. Kun ga mutum biyu ke nan a kuɗin mutum guda."

Sufyanu ya daki sitiyari yana dariya. Ya ce wannan dabara ba ta Tungar Liman kaɗai ba ce, har Morai da Dakko da Faru, duk garin da ke shan kanal, haka za a yi. Ya buɗe aljihun mota ya fito da ɗan ƙaramin Alƙur'ani cikin gafaka.

"To Baba, mai dabara shi ke farawa. Da alwala?"

"Ban rabuwa da ita."

Gidaɗo ya ɗora hannu ya ce, "Wallahi tallahi sai na kawo maka akwatunan Tungar Liman duka biyu." Suka tafa, ya fita ya sayi goro.

Ranar Alhamis mota ta sauke ledoji. Gidaɗo ya so a yi rabon a ƙofar masallaci, amma Liman Sanusi, wanda ƙanin matarsa ne, ya ce masa a taƙaice, "Ba na ciki." Saboda haka a zauren Gidaɗo aka yi. Don kada wani ya yi gardama, da mutanen gidansa ya fara.

Matarsa Ummu Hani, 'yar tsohon Liman, ita ke karantar da matan aure da hantsi. Gonar da ta gada ta wajen uwa tana ƙarshen kanal, cikin waɗanda suka ƙone bara. Ta tsaya a bakin zaure ta dube shi.

"Malam, har ni?"

"Ke ce ta farko, Ɗiyar Malam. In kin yi, wa za ta ƙi?"

Ta rantse, muryarta can ƙasa. Ta ɗauki leda ta shige. Bayanta mutane suka yi ta shiga ɗaya-ɗaya har kwana biyu. Babu wanda ya ƙi, don shekarar ta yi tsanani, kuma kowa ya san wanda ya ƙi karɓa ya sa sunansa a bakin mai makulli. Gidaɗo na zaune yana kallon hannuwa suna sauka kan gafaka. Ya ware leda arba'in ya jefa a rumbunsa, ladan dabara.

Kwana uku da gama rabo ya fara ganin wasu abubuwa, ya kuwa gan su da idonsa sarai.

A makarantar firamare ta bakin gari akwai 'yan gudun hijira, mutanen ƙauyukan wajen Faru da ɓarayin daji suka tasa, sun fi ɗari uku, sun cika azuzuwa. Da hantsi Gidaɗo zai wuce kanal a kan babur, sai ya ga matan gari sun yi layi a filin makarantar, kowace da ledar shinkafar Sanata. Ba miƙa ledar suke yi ba. Wani ɗan mudu suke karɓa hannu da hannu, irin wanda ake awon zakkar fid da kai da shi, mudun Annabi. Mace ta auna ɗaya ta zuba wa wannan, ta auna ɗaya ta zuba wa wancan, tana ƙirgawa da baki, sai ta kai mutum goma ta kakkaɓe leda ta miƙa wa ta bayanta mudun.

Ya tsaya ya kira wata. "Ke, mi ake yi nan?"

"Sadaka, Baba."

A bakin kasuwa ya tarar da maƙerin gwangwani ya ajiye gyaran bokitai yana ta ƙera 'yan mudu, ga shi azumi da saura. Ranar Laraba kuma mai shayi ya tare shi da kuka, wai kwana biyu ke nan majalisarsa ba kowa da safe, rabin mazan gari azumi suke yi, ba Litinin ba ba Alhamis ba.

Gidaɗo ya yi dariya ya buga wa Sufyanu waya.

"Ka gaya ma Maigida shinkafarsa ta yi albarka, har 'yan gudun hijira ta kai. Gari kuma ya ɗau azumi, ina jin addu'ar nasara ce."

"Ba matsala dai ko?"

"Matsalar mi? Ko kanal suka zuba ta, ai sun riga sun rantse."

Ranar Asabar aka yi zaɓe lafiya. Gidaɗo ya sa babbar riga, ya jefa ƙuri'arsa tun da safe, ya sa aka ɗaure rago a ƙofar gida, ya ce wa makaɗa su zauna kusa. Bayan la'asar aka juye akwatin farko a kan tebur a gindin darbejiyar firamare. Jami'ar zaɓen, wata 'yar bautar ƙasa mai tabarau, ta ce za ta ɗaga kowace takarda kowa ya gani. Aka kawo wa Gidaɗo kujerar roba a gaba. Kusa da shi Nazifi ne tsaye, tela, ejan ɗin jam'iyyar tulu, da littafi da biro.

Ta ɗaga ta farko. "Lauje."

Gidaɗo ya gyaɗa kai. Ko'ina akwai ɗan iska guda.

"Lauje. Lauje. Lauje."

A ta goma ya gyara zama. A ta talatin ya cire goron da ke bakinsa ya riƙe a hannu. A ta sittin ya miƙe tsaye.

"Malama, tsaya. Juya takardar nan. Ko a kife kike riƙe da ita?"

Ta juyo masa da ita. Ga dangwale nan baƙi ƙirin a gaban lauje, babu ko shafa.

Abin da ya fi ba da tsoro shi ne babu wanda ya yi sowa. Mutum ɗari huɗu a tsaye, ba ka jin komai sai muryar yarinyar da kukan ragon Gidaɗo daga nesa. Kowa ya san abin da ya yi, ya san na gidansu da na maƙwabci, amma ba wanda ya zaci garin ne gaba ɗaya. Maza na satar kallon juna. Wata mata ta dafe baki tana salati. Shi kansa ejan ɗin lauje biro ya faɗi daga hannunsa, ya bar shi a ƙasa.

Sai bayan ɗari biyu da wani abu ta ce, "Tulu."

"Tawa ce," in ji Gidaɗo, bai san ya faɗa da ƙarfi ba.

Aka ci gaba. Lauje, lauje, lauje. Can wajen ƙarshe ta sake cewa, "Tulu."

Daga bayan taro wata murya ta tashi. "Ga tawa nan! Allah ya isa!"

Inna Taiba ce, tsohuwa mai sayar da daddawa, tana dogara sanda.

Aka rubuta a takarda aka manna a bango: lauje ɗari huɗu da goma sha biyu, tulu biyu, lalatattu biyar. Kafin a gama mannawa mai babur ya iso daga akwati na biyu, na bakin kanal. Tulu bakwai. Masu gadin gonar Sanata a can suke zaɓe, kuma su goma sha ɗaya ne.

Gidaɗo ya tsaya gaban takardar yana kallon biyun nan. Boko bai yi nisa ba, amma ya san biyu. Gidansa kaɗai mutum tara ne masu kati. Ya juya a hankali ya dubi Nazifi.

"Tawa guda. Ta Taiba guda. Kai fa, ejan?"

Nazifi ya sunkuyar da kai. "Baba, ni azumi na yi."

"Azumin mi? Ina tambayarka ƙuri'a kana ce mani azumi?"

"Iyalina sun riga sun dafa shinkafar, ba ni da ta ciyarwa. Shi ne na yi ukun."

"Ukun mi, don Allah?"

Inna Taiba ta ratso mutane ta iso gabansa tana buga sanda a ƙasa.

"Kai Gidaɗo, kai kaɗai ne ba ka sani ba? Kaffara! Kowa ya fanshi bakinsa ya zaɓi wanda yake so. Ni ce Allah ya haɗa da tsautsayi. Ranar da kuka ba ni na dahwa rabi, jikoki suka cinye sauran. Ga gyambon ciki, ban iya azumi. Da na ji labari ba ni da shinkafa ba ni da ciki. Dole na dangwala ma wanda ya ƙone mani alkama. Ina dangwalawa ina tsine mai!"

A nan ne dariya ta fashe, ta biyo da kabbara, makaɗan da Gidaɗo ya ajiye suka ɗauki ganguna ba wanda ya ce musu. Shi kuwa ya kama hanyar gidan Liman, babbar riga na jan ƙasa, takalmi ɗaya ya tsinke bai tsaya ba.

Liman Sanusi na zaure da littattafai a gabansa. Gidaɗo ya yi sallama ya faɗa ciki. Liman ya fara gaisuwa yadda ya saba, an wuni lafiya, ya gajiyar zaɓe, ya iyali, ya gwiwa. Gidaɗo ya amsa biyu ya kasa.

"Liman, kun sa gari ya ci Alƙur'ani. Mutum ɗari takwas! Ba ku jin tsoron abin da zai sauko mana?"

"Zauna, Yaya Gidaɗo."

"Ban zama."

"To tsaya. Ba wanda ya ci Alƙur'ani. Wanda ya rantse zai yi abu, daga baya ya ga barinsa ya fi alheri, shari'a ta ba shi ƙofa. Ya ciyar da miskinai goma, kowane mudun Annabi ɗaya, ko ya tufatar da su. In ba shi da hali ya yi azumin kwana uku. Yana iya yi tun kafin ya saɓa. Wannan ba sabon karatu ba ne, yana cikin littafin da yara ke farawa da shi bayan sauka."

"Ni ban taɓa ji ba."

"Ai kai da aka zo wannan babi kana Legas kana sayar da agogo."

Gidaɗo ya zauna. Leɓensa suka fara motsi. Mutumin kasuwa ne, awo a jininsa yake. Mudun Annabi huɗu tiya guda. Takwas tiya biyu. Goma...

"Tiya biyu da rabi," ya faɗa a hankali.

"Cif," in ji Liman. "Ni kaina da aka auna leda a gabana na yi mamaki. Na ce ko wani malami ne ya yanka musu awon."

Gidaɗo ya ɗora hannu biyu a ka. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ne. Biyar suka shirya, ni na raba ta."

Liman ya kau da kai, kafaɗunsa na girgiza.

"Wa ya fara kawo maka maganar?"

"Ban hau mumbari na ce a zaɓi wane ba, kowa shaida ne. Mutum guda ya zo ya tambaye ni hukunci, na buɗe littafi na karanta mai."

"Wa?"

"Tambayi gidanka."

Bai kai gida ba waya ta fara ruri. Sufyanu ne, muryarsa har ta dushe.

"Baba Gidaɗo! Me ke faruwa? Dakko, akwatin da muka rantsar da mutum ɗari biyar, sha huɗu muka samu! Morai an kwashe mu! Faru ejan ɗinmu ya kashe waya! Ka ce mani ba a taɓa saɓawa ba!"

"Ba su saɓa ba. Sun biya."

"Sun biya wa? Da me?"

"Da shinkafarku."

Gidaɗo ya duba ko wayar ta yanke, sai ga muryar Sufyanu.

"Naku fa? Akwati biyun?"

"Tara."

"Ɗari tara?"

"Tara, yaro. Biyu da bakwai."

Ya tarar da Ummu Hani a tsakar gida tana tankaɗe. Ta yi masa sannu da zuwa kamar kullum, ta kawo ruwa a kwanon sha. Bai karɓa ba.

"Ɗiyar Malam, ke ce?"

"Ni ce na tambaya. Ka sa na rantse raina bai so, na kwana biyu abinci bai wuce mani. Na tafi wurin ƙanena na ce ina mafita. Ya karanta mani."

"Sai kika yi shela."

"Ban yi shela ba. Ɗalibaina suka gan ni da mudu suka tambaya. Malami kuwa ba ya ɓoye karatu. Ranar Lahadi aka yi suna a Dakko, matanmu suka je. Ka san mata da suna. Na Faru kuwa 'yan uwansu na firamare suka buga musu waya, suka ce ku zo ku ga ikon Allah."

"Shekara talatin da huɗu muna tare. Ki bar ni in ɗaure rago?"

"Na so in faɗa maka. Ranar da ka ganmu a firamare na ce yau zai tambaye ni. Ka shigo kana dariya kana cewa albarka." Ta ajiye rariya. "Malam, kwana tara ina zuwa gonar da Innata ta bar mani ina kallon alkama na mutuwa, makullin na kwana a ɗakina. Ko sau ɗaya ban taɓa shi ba. Wannan kuwa yatsana ne."

Gidaɗo ya miƙa hannu. Ya karɓi ruwan.

Washegari Lahadi bayan azahar aka taru a rumfar mai shayi ana sauraron rediyo. Baturen zaɓe ya yi ta karanto ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya. A sauran wurare an yi kankankan, har Sanata ya ɗan fi. Da aka zo Bakura da Maradun da Mafara sai lissafi ya kife. Aka ce Dakta Mubashir ya ci da ratar ƙuri'a dubu uku da 'yan kai. Mai shayi ya tsaya da buta a sama har shayi ya cika kofi ya zubo. Wani tsoho ya ce, "Maiwada? Maiwada ya faɗi? A sake faɗa." Ko su da suka kayar da shi ba su yarda ba sai da aka maimaita da Turanci. An ce a gidan Sanata an riga an kafa rumfuna an yanka shanu uku, mutane suka zare jiki ɗaya-ɗaya suka bar tukwane a kan wuta.

Sufyanu bai zo karɓar makulli ba, don ba shi da wanda zai ba. Ƙungiyar manoman rani ce ta zauna ranar Laraba a ƙofar masallaci, karo na farko cikin shekara takwas da ta zauna ba a aiko mata da suna ba. Ba a yi faɗa ba. Shugaban ya gaishe da Gidaɗo gaisuwa mai tsawo, ya yaba wahalar da ya sha, sannan ya miƙa hannu. Gidaɗo ya sa hannu cikin riga. Igiyar ta daɗe a wuyansa har ƙullin ya ƙi kwancewa, sai da Nazifi tela ya kawo almakashi. Aka buga ƙusa a bangon masallaci aka rataye makullin, aka rubuta kwanakin ruwa a allo, gonar Sanata kwana ɗaya a mako kamar ta kowa.

Mutane na watsewa Liman ya riƙe shi a gefe.

"Yaya Gidaɗo, na ji an ce kai ma ka dafa, a motar Sufyanu."

"Na dafa."

"Mi ka ce?"

"Na ce wallahi sai na kawo mai akwati biyu."

"Ka kawo?"

Gidaɗo ya dube shi, baki buɗe.

"To saura kai," in ji Liman. "Kai kaɗai ka rage a garin nan da rantsuwa a wuya."

"Sai in yi azumin ukun, ba wanda zai sani."

"Azumi na wanda ba shi da hali ne. An ce akwai leda arba'in a rumbunka."

Da safe Ummu Hani ta ajiye masa mudu a bakin ƙofa, ta wanke shi tas. Ya ɗauki leda ɗaya ya tafi firamare a ƙafa, ya bi ta bayan gari don kada a gan shi, aka kuwa gan shi. Ya durƙusa da ciwon gwiwarsa yana aunawa yana ƙirgawa. Ta goman wata tsohuwa ce daga wajen Faru. Ta tara gefen zanenta, ta dubi hoton Sanata da ke jikin ledar, ta ce, "Allah ya saka ma wannan bawan Allah. Tun da muka zo ba wanda ya ciyar da mu kamarsa. Allah ya ba shi abin da yake nema."

"Ya makara, Inna," in ji Gidaɗo. Ya kakkaɓe ledar.

Dakta Mubashir ya samu kujera, har yau kuma bai gama sanin yadda aka yi ba, yana ta gode wa matasan da suka manna masa hotuna. 'Yan firamare sun ci shinkafa kusan wata guda. Maƙerin gwangwani ya sayi sabon keke, alkamar ƙarshen kanal kuma ta sha ruwa a kan lokaci, har da gonar Ummu Hani. Sanata Maiwada ya rasa kujera da shinkafa tirela huɗu, Sufyanu aka karɓe motar. Gidaɗo ya rasa makulli, kaji suka daina zuwa, ragon ma da aka ɗaure sai mayar da shi kasuwa aka yi aka faɗi. Amma in ka tambayi Inna Taiba, ita ce ta fi kowa asara: ta ci shinkafa kwana biyu, ta zaɓi wanda ba ta so, kuma duk garin ya sani.